Kwamfuta da Kwaikwayon Amon Tsofaffin Na'urorin Kiɗa

Gabatarwa

Duk wanda ya halarci bikin aure ko na suna a Gwandu ko Kalgo a 'yan shekarun nan zai lura da cewa mafi yawan kiɗan da ke tashi daga lasifika ba hannun makaɗi ne ya buga shi a kan fata ba. A ɗakin haɗa sauti aka tsara shi, ko dai da fiyano mai lantarki, ko da kwamfuta mai ɗauke da manhajar kiɗa irin su FL Studio. A cikin waɗannan manhajoji akwai waɗanda aka rubuta musamman don su kwaikwayi amon wasu tsofaffin na'urori da ake kira sintesaiza, watau na'urorin da ke ƙirƙirar sauti daga wutar lantarki tsantsa. Sai dai masu kunnen kiɗa sun daɗe suna cewa amon kwaikwayon da na asalin ba ɗaya ba ne: wani lokaci a ji wani baƙon fito a cikin na kwamfutar, wani lokaci kuma a ji shi a bushe, ba armashi.

Wannan darasi zai bayyana dalilan da kimiyya ta gano na wannan bambanci. Amfaninsa bai tsaya ga masu sha'awar kiɗa ba. Babin sauti na cikin manhajar darasin fizis ta makarantun sakandare, kuma ɗalibin da ke fatar shiga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013 a yankin Kalgo, don nazarin fizis ko ilimin kwamfuta, zai sake cin karo da waɗannan ƙa'idoji a fannin sadarwa da rediyo da na'urorin asibiti.

Uwar Sauti da 'Ya'yanta

Sauti dai girgizar iska ce. Idan tsirkiyar goge ta kaɗa, sai ta riƙa tura iskar da ke kewaye da ita tana janye ta, girgizar ta bi iska har ta isa dodon kunne. Ana auna yawan kaɗawar a cikin daƙiƙa ɗaya da ma'aunin haz. Kaɗawa 440 a daƙiƙa ita ce haz 440. Gwargwadon yawan kaɗawa, gwargwadon sirantakar sauti. Kunnen yaro mai lafiya yana jin abin da ya kama daga haz 20 zuwa kimanin haz 20,000. Idan aka ninka yawan kaɗawa sau biyu, alal misali daga 440 zuwa 880, an hau zango ɗaya ke nan, wanda masana kiɗa ke kira okteb. A jikin fiyano an raba kowane zango gida 12.

To, me ya sa algaita da sarewa ba su yin amo iri ɗaya ko da an busa su a murya ɗaya? Dalili shi ne kusan babu abin kiɗa ko busa da ke fitar da kaɗawa guda tak. Akwai uwar sauti, watau kaɗawa mafi ƙanƙanta, sannan akwai 'ya'yanta da ke tafe tare da ita a ninki na 2, na 3, na 4, har zuwa sama. Uwa mai haz 440 tana da 'ya'ya a 880 da 1,320 da 1,760, da sauransu. Yawan 'ya'yan da ƙarfin kowannensu shi ke ba kowane abin kiɗa kamanninsa. Algaita tana da 'ya'ya masu yawa, masu ƙarfi, shi ya sa take da kaifi. Sarewa kuwa nata kaɗan ne, shi ya sa take da taushi. Masanin lissafi ɗan ƙasar Faransa, Joseph Fourier, shi ya shimfiɗa lissafin wannan al'amari a littafinsa na 1822.

Tsarin Tsohuwar Na'ura

Sintesaiza mai zubin analog ba ta ƙirga komai. Wutar lantarki ce ke hawa da sauka a cikinta ba yankewa, kamar yadda ruwa ke gudana a kwalbati. Mafi shahara cikin irin waɗannan na'urori ita ce Minimoog, wadda kamfanin Robert Moog na Amurka ya fitar a 1970, aka ci gaba da ƙera ta har 1981. Manyan sassanta uku ne.

Na farko shi ne osileta, maɓuɓɓugar kaɗawa. Minimoog tana da guda uku. Ɗaya daga cikin siffofin kaɗawar da suke fitarwa ana kiranta haƙorin zarto, domin idan aka zana ta a takarda haka take kama. Tana ɗauke da dukkan 'ya'yan sauti: ɗan ninki na 2 yana da rabin ƙarfin uwa, na 3 sulusi, na 4 rubu'i, haka har abin da ba iyaka. Na biyu shi ne rariya, wadda ke tankaɗe sautin, ta bar masu kauri su wuce, ta tare sirara. Moog ya sami rajistar mallakar fasahar rariyarsa a 1969, kuma har yau ita ce abin da masu kwaikwayo suka fi wahala a kai. Na uku shi ne sashen da ke tsara yadda sauti zai taso, ya daɗe, ya mutu.

Afirka ta Yamma ba a bar ta a baya ba. A Enugu, William Onyeabor ya yi amfani da na'urorin Moog a fayafayan da ya fitar tsakanin 1977 da 1985. A Yamai kuwa, babban birnin Nijar, maƙwabciyar Jihar Kebbi, Mamman Sani Abdullahi ya ɗauki kaset a 1978 da fiyano mai lantarki ƙirar Orla ta Italiya, inda ya juya kaɗe-kaɗen gargajiyar ƙasar zuwa amon lantarki. Gidajen rediyo da talabijin na Nijar sun yi shekaru suna sa kiɗansa a tsakanin shirye-shirye, kuma a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da aikin ga duniya. A Kano, daga tsakiyar shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya zama ƙashin bayan kiɗan finafinan Hausa, amma shi wannan na zubin dijital ne, watau mai aiki da ƙirge.

Zafin Rana da Muryar Na'ura

Kowane makaɗin kalangu ko kotso ya san fatar kiɗa tana bin yanayi. Da damina takan saki, muryarta ta yi ƙasa, sai an shanya ta a rana ko an kara ta kusa da wuta. Da bazara kuwa ta ɗame. Tsohuwar sintesaiza ma haka take, sai dai ita tiransisto ne ke jin zafin.

A tsarin Moog, ƙarin bolt ɗaya na lantarki yana ɗaga murya da zango ɗaya. Tiransisto ne ke juya wannan ƙari zuwa ninkin kaɗawa, kuma aikinsa ya danganta da zafinsa a ma'aunin kelbin. Kowane ƙarin digiri ɗaya yana rage faɗin zango da kimanin sulusin kashi ɗaya cikin ɗari. A ƙaddara an daidaita na'ura da safe a Kalgo, zafi yana digiri 25, watau kelbin 298. Da la'asar a watan Afrilu zafi ya kai digiri 40, watau kelbin 313. Bambancin ya kusan kashi 5 cikin ɗari. In ba a yi wa na'urar wani tanadi ba, maɓallin da ya kamata ya ba da haz 880 a saman mai 440 sai ya ba da kimanin 851. Wannan kuskure ne da ko wanda bai san kiɗa ba zai ji shi. Injiniyoyi sun magance mafi yawansa ta hanyar liƙa wa tiransiston wani rizisto mai canzawa da zafi, amma ɗan saura bai gushe ba. Shi ya sa ake kunna irin waɗannan na'urori a bar su su ɗumama na wasu mintoci kafin a fara kiɗa.

Abin mamaki shi ne wannan ɗan saura yana cikin sirrin daɗin amonsu. Idan osileta ɗaya tana haz 440, ɗayar kuma ta zame zuwa 442, sautin biyu za su riƙa haɗuwa suna rabuwa, a ji ƙarfin yana hawa yana sauka sau biyu a daƙiƙa. Tun da zamewar ba ta tsaya wuri ɗaya ba, wannan lilo ma yakan yi ta sauyawa, sai amon ya zama kamar mai numfashi. Haka abin yake idan 'yan amshi suka haɗa murya: rashin daidaituwarsu ɗari bisa ɗari shi ke sa amshin ya cika kunne. Har ila yau, ba a samun rizisto ko kafasito biyu masu awo ɗaya cif. Na kasuwa sukan kauce da kashi 5 cikin ɗari ko fiye. Saboda haka ko Minimoog biyu da aka ƙera a mako ɗaya ba su yin amo ɗaya.

Yadda Kwamfuta Ke Kwaikwayo

Kwamfuta ba ta san gudana ba, ƙirge ta sani. Don ta wakilci sauti, sai ta riƙa lissafa tsayin kaɗawar a lokuta daki-daki, ta jera lambobin, sannan wani sashe ya mayar da su lantarki ya aika wa lasifika. A ma'aunin faifan CD ana yin wannan awo sau 44,100 a kowace daƙiƙa.

Bayan fitowar Yamaha DX7 mai zubin dijital a 1983, makaɗa da yawa sun yi watsi da na'urorin analog. Da aka shiga shekarun 1990 sai sha'awarsu ta dawo, farashinsu ya hau. A 1995 kamfanin Clavia na ƙasar Suwidin ya fitar da Nord Lead, na'urar dijital mai kwaikwayon analog. A 1997 kamfanin Propellerhead, shi ma na Suwidin, ya fitar da manhajar ReBirth mai kwaikwayon Roland TB-303 ta 1981. A 1999 kamfanin Steinberg na Jamus ya faɗaɗa tsarinsa na VST ta yadda za a iya cusa na'urar kiɗa ta manhaja a cikin wata manhajar. Daga nan ƙofa ta buɗe. Amma tun daga farko an ci karo da matsaloli uku manya.

Matsala ta Farko: Sautin Ɓad-da-kama

Akwai wata ƙa'ida da ake jingina wa Harry Nyquist, wanda ya yi rubutu a kanta a 1928, da Claude Shannon, wanda ya tabbatar da ita a 1949. Ƙa'idar ta ce na'urar da ke awo daki-daki ba za ta iya wakiltar kaɗawar da ta wuce rabin yawan awonta ba. Rabin 44,100 shi ne 22,050. Wannan ita ce iyaka. Duk kaɗawar da ta haura ta ba ɓacewa take yi ba, ɓad da kama take yi ta dawo ƙasa a matsayin wani sauti dabam.

Wanda ya taɓa ganin tayar mota a fim tana juyawa baya alhali motar gaba take gudu ya ga wannan ƙa'ida da idonsa. Kyamara tana ɗaukar hoto 24 ko 25 a daƙiƙa. Idan tayar ta kusan cika zagaye tsakanin hoto da hoto, sai ido ya ɗauka baya ta ɗan matsa.

A duba haƙorin zarto mai haz 3,520, ɗaya daga cikin siraran muryoyin fiyano. 'Ya'yansa na ninki na 2 zuwa na 6 suna 7,040 da 10,560 da 14,080 da 17,600 da 21,120, duk a ƙarƙashin iyaka. Na 7 yana 24,640, ya haura. Don a san inda zai faɗo, sai a ɗebe shi daga 44,100, a sami 19,460. Na 8 yana 28,160, zai faɗo a 15,940. Na 12 yana 42,240, zai faɗo a 1,860, watau ƙasa da uwar kanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan lambobi da ke ninkin 3,520, don haka agololi ne a cikin gidan, ba su jituwa da sauran. Kunne yana jin su kamar ƙarar ƙarfe ko fiton rediyon da ba ta kama tasha sosai ba. Akwai alamar da ba ta kuskure: idan aka ja murya sama, 'ya'yan gaskiya sukan hau tare da ita, su kuwa na ɓad-da-kama sauka suke yi.

Na'urar analog ba ta da wannan ciwo, domin ba ta awo daki-daki. Masu rubuta manhaja suna da magani iri biyu. Na ɗaya, a yi lissafin a ninki biyu ko huɗu ko takwas na awon da aka saba, a tace 'ya'yan da suka yi sama, sannan a sauko. Na biyu, a daddashe kaifin haƙorin zarton ta hanyar lissafi tun wurin ƙirƙirarsa, dabarar da Tim Stilson da Julius Smith na Jami'ar Stanford suka share wa fage a 1996. Duka biyun suna ƙara wa kwamfuta nauyi.

Matsala ta Biyu: Jinkiri a Cikin Rariya

Rariyar Moog hawa huɗu ce, kuma akan ɗebi wani kaso na abin da ya fito daga hawan ƙarshe a mayar da shi bakin na farko. Wannan komowa ita ke ƙarfafa sautin da ke daidai bakin tankaɗe, ta ba da amon nan mai kama da ana buɗe baki ana rufewa. Idan aka ƙara ta sosai, rariyar kan fara fito da kanta ko ba a ba ta sauti ba.

A cikin waya da tiransisto komowar tana faruwa nan take. A kwamfuta kuwa akwai cikas: ana buƙatar abin da ya fito don a lissafa abin da zai shiga, ana kuma buƙatar abin da ya shiga don a lissafa abin da zai fito. Manhajojin farko sun kauce wa wannan ta hanyar amfani da amsar awon da ya gabata. Jinkirin kashi ɗaya ne cikin 44,100 na daƙiƙa, kimanin miliyoniya 23 na daƙiƙa. A ido ba komai ba ne. Amma ga sauti mai haz 11,025, wanda awo huɗu kacal ke cika zagayensa, wannan jinkiri rubu'in zagaye ne cur. Sakamakon haka sai ƙarfin komowar ya riƙa bambanta daga murya zuwa murya, fiton rariyar kuma ya kauce daga inda aka nufa.

Bayan wannan, tiransisto ba ya ninka abin da aka ba shi daidai wa daida. Idan lantarki ya yi masa yawa, sai ya danne ƙololuwar kaɗawar a hankali, abin da ke haifar da sababbin 'ya'yan sauti. A Minimoog, ƙarfin da ke shiga rariya ya ɗara abin da aka nufa tun farko, amma da aka ji amon ya yi kauri da daɗi sai aka bar shi haka. A 2004 Antti Huovilainen, wani mai bincike a ƙasar Finland, ya gabatar da lissafin da ke kwaikwayon wannan dannewa a kowane hawa. Daga baya aka samo hanyar warware shiga da fita a lokaci ɗaya ba tare da jinkirin ba. Manhajar Diva, wadda kamfanin u-he na Jamus ya fitar a 2011, ta yi suna da wannan dabara, ta kuma yi suna da cinye ƙarfin kwamfuta.

Matsala ta Uku: Daidaito Mai Yawa

Idan aka umurci kwamfuta ta ba da haz 440, haka za ta ba da yau da gobe, da hunturu da bazara. Wasu manhajoji ma sukan fara kaɗawar daga wuri ɗaya duk lokacin da aka danna maɓalli, alhali osiletar analog ba ta tsayawa, duk inda dannawa ta riske ta daga nan sauti zai tashi. Don haka bugu goma na kwamfuta sukan fito kamar an buga su da hatimi ɗaya, kunne kuwa yana saurin ƙosawa da abin da ba ya canzawa.

Maganin da aka samo shi ne a koya wa kwamfuta yin kuskure da gangan: a sa muryar kowace osileta ta riƙa ɗan yawo a hankali, a kuma bambanta awon sassan kowace murya. Hatta masu ƙera na'urorin analog na zamani sun bi wannan hanya. Lokacin da Dave Smith ya sake fitar da Prophet-5 a 2020, na'urar da ya fara ƙerawa a 1978, sai ya sa mata wani mamurɗi na musamman wanda aikinsa kawai shi ne ya dawo da rashin daidaiton irin na da.

Akwai wasu ƙananan tangarɗa biyu. Tsarin MIDI na 1983, wanda fiyano ke magana da kwamfuta ta cikinsa, ya raba juyin mamurɗi mataki 128, daga 0 zuwa 127. In manhaja ba ta sulɓe tsakanin matakan ba, sai a ji sautin yana hawa kamar ana jan zif. Wannan yana da muhimmanci ga mai son kwaikwayon kalangu ko goge, domin muryarsu zamewa take yi, kuma da wannan zamewa kalangu ke bin karin harshen Hausa. Ta biyu ita ce jinkirin amsawa. Kwamfuta takan tara awo, alal misali 512, kafin ta aika. Wannan ya kai kashi 11.6 cikin dubu na daƙiƙa, daidai da lokacin da sauti ke ɗauka ya ci mita 4 a iska.

Gwaji a Cikin Aji

Malami ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada don nuna waɗannan abubuwa. Manhajar Audacity kyauta ce, kuma tana iya ƙirƙirar sauti.

1. A ƙirƙiri sauti mai haz 440 na daƙiƙa goma, a ƙirƙiri wani mai 442, a kunna su tare. Ɗalibai su ƙirga hawa da saukar ƙarfin. Za su sami kimanin 20.

2. A zaɓi siffar haƙorin zarto, a sa murya ta hau a hankali daga haz 1,000 zuwa 10,000. A rage ƙarar lasifika, a kasa kunne ga siraran sautukan da ke sauka yayin da uwar ke hawa.

3. A samo kalangu ko ganga, a buga da sassafe, a ɗauka da waya. A bar shi a rana na awa ɗaya, a sake bugawa, a gwama.

Kammalawa

Manhajojin kwaikwayo sun yi nisa ƙwarai daga inda suke a shekarun 1990, har ya zama da wuya a bambance nagartattunsu da na'urar asali idan an haɗa su da sauran kiɗa. Sun kuma sa matashin da ke Gwandu ko Kalgo yana iya taɓa amon da a da sai mai dukiya. Darasin da ke ciki shi ne kwaikwayo ba ya wuce sanin mai kwaikwayon: abin da ba a auna ba, ba zai shiga lissafi ba. An yi shekaru fiye da ashirin ana nazarin rariyar Moog, tiransisto bayan tiransisto. Kotso da taushi da goge da algaita ma suna da 'ya'yan sauti da zamewa da saɓanin yanayi da za a iya aunawa a rubuta, kuma masu kaɗa su da busa su suna nan kusa da makarantun Jihar Kebbi. Aiki ne da ke jiran ɗaliban da suka haɗa ilimin lissafi da kunnen gida.

Tambayoyi

1. Kwamfuta tana awo sau 48,000 a daƙiƙa. Mece ce iyakarta? Idan haƙorin zarto yana haz 5,000, ina 'ya'yansa na ninki na 5 da na 9 za su faɗo?

2. Osileta biyu suna haz 220 da 223. Sau nawa ƙarfin sautin zai hau ya sauka a daƙiƙa biyar?

3. A bayyana kamannin da ke tsakanin fatar kalangu da tiransisto ta fuskar zafi, da kuma inda suka saɓa.